Ba Ita Ba Ce, In Ji Baba

Sai da na yi wata biyar a Landover, a jihar Maryland ta Amurka, kafin fasfona ya dawo hannuna. Anti Laraba, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata, ita ta tarbe ni a filin jirgi, ta rungume ni har da hawaye. Muna isa gida ta ce in kawo takarduna ta adana mini, wai a ƙasar nan ba a yawo da su. Na miƙa mata. Aikin jinyar da ta yi ta kwaɗaita mini a waya ya tashi a rainon jikokinta uku da wankin bayi. In na tayar da maganar aiki sai ta ce, "Rifkatu, ke dai gaggawa ce da ke. Nan ba Zonkwa ba ce." Ranar da na gaji, na jira ta shiga wanka, na zazzage jakar da take turawa ƙarƙashin gado, na ɗauki abina, na fito da kayana a leda biyu. Ban yi mata sallama ba, kuma har yau ban ga abin nadama a ciki ba.

Maganar gaggawa kam ba ƙarya ta yi mini ba, mahaifina ya riga ta faɗa. Baba Ishaya ya yi shekara arba'in yana jagorantar mawaƙan cocin ƙauyenmu a bayan Zonkwa, kowa Kwayamasta yake ce masa, har mahaifiyarmu in ranta ya ɓaci. Abin da ya fi ƙauna a duniya wata doguwar waƙar ibada ce da wani Bature ya tsara kusan shekara ɗari uku da suka wuce, kalmominta daga Littafi Mai Tsarki, tsawonta ya haura awa biyu, da goge da kakaki da muryoyi iri huɗu. Sunanta na Turanci bai zauna a bakin mutanenmu ba, Babbar Waƙa muke ce mata. Wani malamin makarantar Littafi ne ya bar wa Baba ita a kaset biyu da aka kwafa, babu suna babu hoto, sai lamba ɗaya da lamba biyu da biro. Da kunne ya koye ta, ya rubuta ta da do-re-mi a littafin makaranta, ya koya wa manoma da masu sayar da citta.

Babu wutar lantarki a ƙauyenmu lokacin. Mama unguwarzoma ce, saboda haka duk batir sabo tocilarta yake fara shiga, sai haskenta ya fara ja sannan a sauke wa rakodar Baba. Aikina tun ina 'yar shekara takwas shi ne in taka turmi da safe in jera batiran a kan kwanon ɗakin girki su sha rana, da yamma in kwaso su da zafinsu, Baba ya ɗan ciccije su ya zuba a rakoda, mu zauna.

Akwai wani sashe mai taushi da baƙin ciki, na muryar alto, wato mai kaurin cikin muryoyin mata. A kaset ɗinmu namiji ne ke rera shi, da wata murya mai laushi kamar ana lallashin jariri. Kafin ya shiga, goge na tafiya a hankali, sai wani cikin masu sauraro ya yi tari sau biyu. Da muryata ta fito da kauri Baba ya ba ni wannan sashe. Dokarsa ita ce bayan tari na biyu a ƙirga huɗu sannan a shiga. Ni kuwa ban taɓa iya jira ba, a uku nake faɗawa. Sai ya ɗaga sandarsa ya ce, "Rifkatu, kin yi saurin shiga. A sake." Na ji wannan magana fiye da yadda na ji sunana.

Shekarar da zan rera shi ni kaɗai a gaban taron majami'un gundumarmu, saura mako uku Kirsimeti, biza ta fito, Anti Laraba ta ce ko yanzu ko a fasa. Baba bai hana ni ba, bai kuma ce Allah ya kiyaye ba. Tun daga nan in na kira gida aka miƙa masa waya, abin da yake cewa bai wuce, "Lafiya lau. Ga yayanki." Shekara huɗu muna haka, ni ma da taurin kaina ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Daga Landover na koma Lanham. Na samu ɗaki tare da wasu mata biyu 'yan Jos, na yi karatun wata shida, na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Ina wanke iyayen wasu, ina ba su abinci a baki, nawa uban yana can ba ya mini magana. Wanda ke kai mu aiki da safe wani dattijo ne ɗan Maraɗi, Alhaji Isuhu, mai farin gemu da tsohuwar mota, wa'azi ne kullum a motarsa a hankali. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai in na makara ya ce, "Ɗiyata, mai gaggawa kuma shi ne na baya?"

A watan Satumba na shekara ta huɗu Yaya Bulus, babban wanmu, ya kira ni ina cikin gyaran gadon wata tsohuwa. Baba ya faɗi a wurin gwajin waƙa. Zuciya ce ta kumbura, ƙafafu sun cika da ruwa, likita a Kafanchan ya ce a koma da shi gida a yi ta lallaɓawa. Na tafi wajen lauyar da ke bin takarduna ko zama ban yi ba. Ta ce in na fita ƙasar nan kafin a gama, ƙofa ta rufe ke nan, ni kuma ke aika maganin. Na fito ofishinta na zauna a bakin titi kamar wadda aka yi wa sata.

Lahadin da ta biyo baya Yaya Bulus ya ce Baba na son magana da ni. Muryarsa ta sirance, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma.

"An ce a can ƙasar ake yin Babbar Waƙa."

"E, Baba."

"Rakoda ta cinye kaset ɗina tun bara. Ki nemo mini ita. Ina so in ji ta kafin in tafi."

A shekara huɗu wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini. Na ce masa yau ɗin nan ma zai ji ta. Na buɗe waya, na danna ta farko da ta fito, na tura. Bayan minti goma Yaya Bulus ya kira.

"Ya ce ba ita ba ce."

"Kamar yaya ba ita ba ce? Ita ce mana!"

"Ni dai abin da ya ce ke nan. Ya ce wai kare ne ya biyo waɗannan?"

A ranar na san cewa Babbar Waƙa ba ɗaya ba ce. Tun zamanin faifan garmaho ake ɗaukarta, kowane shugaban mawaƙa da yadda yake tafiyar da ita. Akwai masu tara mutum ɗaruruwa, in suka buɗe baki kamar ruwan sama a kan kwano. Akwai masu mutum ashirin da kayan kiɗa irin na da, suna tafiya fir-fir ba sa taka ƙasa. Wasu yara maza ke yi musu sofrano, muryar da ta fi kowace siranta. Sashen alto kuwa wani wuri mace, wani wuri namiji mai siririyar murya. Ni abin da nake nema a fili yake: tafiya a hankali, sauti mai nauyi, namiji a alto, da tari biyu.

Tsofaffin ɗauka ba duka ke cikin waya ba, waɗanda ke ciki ma sau da yawa ba a rubuta wanda ya rera me. Sai na shiga shagunan gwanjo, inda Amurkawa ke zubar da kayan iyayensu in sun mutu. Ranar hutuna ina tsugune a gaban kwalaye, ina hura ƙura, ina karanta bayan faifai. Wata ma'aikaciyar laburare ta gane fuskata, ta riƙa aro mini daga wasu rassa ba tare da na roƙa ba, Allah ya saka mata. Na sayi littafin makaranta irin na Baba, kowane faifai na ba shi lamba, na rubuta yawan mawaƙa, saurinsu, da wanda ya yi alto. 'Yan ɗakinmu suka fara tsokanata, wai Rifkatu za ta buɗe coci a ƙarƙashin gado.

Kowace Lahadi da ƙarfe tara na safe, can la'asar ta kusa, nake kira. Yaya Bulus ya kara waya a kunnen Baba, ni kuma in kunna. Ba ya wuce minti ɗaya.

"Ba ita ba ce. Yara ne waɗannan."

"Ba ita ba ce. Namiji ne, amma gudu yake."

"Ba ita ba ce."

Faifai na tara ya kusa tsayar mini da zuciya. Tsohuwar ɗauka ce da aka yi a gaban jama'a. Goge na tafiya, sai na ji tari, sai na biyu, daidai wurin. Na miƙe tsaye a kan gado. Amma da murya ta shigo, mace ce, kuma tafiyar ta fi tamu sauri. Duk da haka na kunna wa Baba. Ya ce, "Mace ce wannan. Ba ki san muryar namiji ba kuma?" Na rubuta a littafina cewa Turawa a lokacin sanyi suke yin waƙar, tari ba abin mamaki ba ne, na jefa lamba tara can ƙasan kwali.

Kafin ƙarshen Nuwamba faifaina sun kai ashirin da bakwai. Maganar Baba kuwa tana ta raguwa. Da yana ƙara bayani, daga baya sai kalmomi huɗun nan kawai, daga baya Yaya Bulus ne ke cewa, "Ya girgiza kai." Duk kiran da ya shigo wayata daga gida sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

A wannan hali na ga tallan wani mutum a Annandale, can Virginia, yana sayar da faifan marigayin ubansa. Na rubuta masa abin da nake nema, ya ce yana da ita sak, tsohuwa, namiji a alto, a hankali kamar jana'iza. Na hau bas, na hau jirgin ƙasa, na sake hawa bas, sanyi na yanka kunne. Mutumin ya tsaya a ƙofar gareji da akwatin faifai an naɗe shi da salatif, ya ce kada in buɗe a iska, tsoho ne, zai lalace. Ni da na zazzage jakar Anti Laraba, ni ce na yarda da wannan magana, don ina so ta zama gaskiya. Na biya shi na tafi, sai a tashar bas na yage salatif ɗin. Kwalin na Babbar Waƙa ne, amma faya-fayan ciki na koyon motsa jiki ne, ɗaya ma a fashe. Na koma da gudu na yi ta buga ƙofa. Labule ya motsa, ba wanda ya buɗe.

Akwai wani shagon burodi na mutanen Koriya kusa da tashar. Na shiga don in ɓuya wa sanyi, na zauna ina kuka da kwalin a cinyata. Tsohuwar da ke kan kanta ta kawo mini shayi mai zafi ba ta tambaye ni komai ba. Da ta ga hoton kwalin sai fuskarta ta washe, ta nuna ƙirjinta ta ce ita ma alto ce a cocinsu. Ta fara rera sashen nan nawa da hanci. Na bi ta. Ba mu yi nisa ba ta tsaya tana dariya, ta ɗaga tafin hannunta sama, tana nuna mini in hau, in kuma ƙara sauri. Na ji haushi ƙwarai. A raina na ce, ubana ya yi shekara arba'in a kan waƙar nan, ke mai burodi ce za ki gyara masa? Na gode mata da shayi na fita.

Ranar Laraba Yaya Bulus ya kira, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Rifkatu, ya isa haka. Duk Lahadin da kika kira, ranar ba ya cin abinci, sai ya juya fuska bango. Waƙar nan da yake nema babu ita, kansa ne ya fara rikicewa. Ko fasto ya faɗa."

"Yaya, ni ma na ji ta da kunnena. Kai ma ka ji ta."

"Na ji. Amma ke kina can kina sayen faifai, mu ne muke ɗaga shi muna kwantarwa. Lahadin nan ce ta ƙarshe. In ba ita ba ce, ba zan ƙara kara masa waya ba. A bar tsoho ya tafi da kwanciyar rai."

Gaskiya ya faɗa. Ba ni da faifai na ashirin da takwas, ba ni da inda zan nemo shi.

Washegari da safe ni kaɗai ce a motar Alhaji Isuhu, 'yan Jos suna hutu. Ban san ina rera sashen da hanci ba, hawaye na zuba, sai da ya rage muryar wa'azinsa.

"Mi ya hwaru, ɗiyata? Rasuwa aka yi?"

Na yi jinkiri. Dattijo musulmi da carbi a madubi, me zan ce masa game da waƙar coci? Amma ciki ya cika, sai na kwashe duka na faɗa masa, har da mai gareji. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Kin san aikina kahin in zo ƙasar ga? Shekara ashirin ina kwahe kaset a kasuwar Maraɗi. Bari in tambaye ki. Rakodar tsohonki, da wuta take aiki ko da pil?" Pil shi ne batir a bakin mutanen Nijar.

"Da batir, Alhaji. Ba mu da wuta."

"Sabbi shike sa mata?"

Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. Na ce rakodar nan ba ta taɓa ɗanɗana sabon batir ba tunda aka sayo ta. Na ba shi labarin tocilar Mama da kwanon ɗakin girki. Alhaji ya bugi sitiyari har mota ta yi ƙara.

"To ai ba waƙa ta ɓace miki ba, gajiyayyen pil kika rasa! In pil ya yi sanyi, kaset jan ƙahwa yake, waƙa ta yi nauyi, murya ta sauka ƙasa. Sau nawa mutanen ƙauye suka maido mini kaset suna hwaɗa, wai na saida musu zabiya ta koma namiji? In sa musu a injina, su ji mace ce garau, su ce sihiri na yi."

Na tuna hannun tsohuwar mai burodi yana nuna sama. Na tuna lamba tara a ƙasan kwali, da tarinta biyu. Wato shekara arba'in Baba yana koyar da waƙar yadda gajiyayyen batir ya rera masa ita, duk gundumarmu haka muka iya ta, kuma wannan namiji mai muryar lallashi da na tashi ina kwaikwayo bai taɓa zama a duniya ba.

"Ki kawo faifan gidana ran Asabar," in ji Alhaji. "Waƙar ba tawa ba ce, amma injin nawa ne. Ki taho da pil da suka sha aiki, ko nawa kika samu."

A wurin aikinmu akwai kwalin da ake jefa batiran da aka cire daga agogon bango da rimot ɗin talabijin. Ranar Juma'a na roƙi mai kula da gini, ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya ce in kwashe duka.

Gidan Alhaji a Landover yake, layi biyu tsakaninsa da na Anti Laraba. Na ja hula har gira na wuce ƙofarta da sauri. Hajiya, matarsa, ta shimfiɗa mini darduma ta kawo fura, ta ce, "Sha tukuna, tsohon nan in ya taɓa injinansa mantawa yake da baƙo." Ya haɗa wayoyi, ya kwafe sashen daga faifai na tara zuwa kaset, sannan ya ɗauko wata 'yar rakoda mai cin batir huɗu ƙanana. Muka zube batiran a faranti muka fara gwaji.

Da masu ƙarfi, macen nan ce dai. Da waɗanda suka mutu sosai, wani gurnani ne kamar saniya a rijiya, har Hajiya ta ce a'uzubillahi daga kicin. Muka yi ta haɗawa, biyu daga nan biyu daga can. Wajen ƙarfe goma da rabi Alhaji ya zuba wasu huɗu ya danna, sai ga shi. Goge ya sauko a hankali, tari, tari, sannan muryar nan ta namiji ta cika ɗakin. Na ji ƙamshin hayaƙin girkin Mama. Na rufe baki da hannu biyu. Kafin in dawo hayyacina in jawo waya in naɗa, sautin ya fara langwaɓewa, Alhaji ya yi maza ya kashe.

"Su ne waɗanga huɗun, amma sun gaji. Rana suke so."

Rana a watan Disamba a Maryland, sai dai a gan ta a hoto. Ya jera su a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, ya ce mu ba su rabin awa, sannan mu naɗa a waya a tsanake, gobe in kunna wa tsoho.

Ba su yi minti goma a kai ba wayata ta yi ƙara. Yaya Bulus ne, kuma ranar Asabar ce, ba ranar kiranmu ba. Na ji muryoyin matan zumunta suna waƙa a tsakar gidanmu tun kafin ya yi magana, na kuma san abin da ke tara su.

"Rifkatu, tun jiya bai ce uffan ba. Fasto na nan, dattawa na nan. Ban sani ba ko zai kai gobe. In kina da abin da za ki faɗa masa, ki faɗa yanzu."

"Yaya, kara masa wayar. Na samo ta."

"Ba lokacin wannan ba ne."

"Don Allah, Yaya. Sau ɗaya. In ba ita ba ce, har abada kada ka ƙara ɗaukar wayata."

Na ji ya ce wa matan su dakata, na ji ƙarar ƙofar ɗakin Baba, sannan numfashi mai nauyi ya cika wayar. Alhaji ya riga ya kwaso batiran da zafinsu yana jujjuya su a hannu. Ya kai kowanne bakinsa ya cije, da haƙoransa na tsufa, ya zuba.

"Ba ni da tabbas," ya ce a hankali. "Ko su ɗauka, ko su ƙi. Bismillah."

Ya danna. Na kara wayata a bakin rakoda. Kaset ya yi shuu, ya ɗan yi gurnani, sai kuma ya daidaita. Goge ya taho a hankali, da nauyinsa, irin na gidanmu. Numfashin da ke cikin waya ya canza. Tari na farko. Tari na biyu. Wallahi ban yi niyya ba, bakina ne ya buɗe da kansa, na faɗa cikin waƙar.

Ban kai ƙarshen layin farko ba na ji ana ƙwanƙwasa katako a waya, sau uku. Alhaji ya tsayar da kaset.

"Rifkatu."

"Na'am, Baba."

Ya ja numfashi, ya sake ja.

"Kin yi saurin shiga. A sake."

Na ji Yaya Bulus ya fashe da kuka. Ni ma kukan ne ya taso mini, amma babu lokacinsa, batir na mutuwa. Na kai hannu zan danna maɓallin mayarwa baya, Alhaji ya buge mini hannu. "Kina so ki ƙarasa su?" Ya zaro kaset ɗin, ya zura biro a ramin, ya shiga juyawa da yatsa yana kallon zaren, kamar yadda ya yi shekara ashirin a kasuwa. Hajiya na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

Kwana uku Baba ya ƙara a duniya bayan wannan, jana'izarsa kuma a waya na kalle ta, a ɗakin hutun ma'aikata, da rigar aiki a jikina. Har yau ina jin zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Faifai ashirin da bakwai suna nan a kwali, batiran huɗu suna cikin hankici, ba sa iya kunna ko agogo.

Alhaji ya mayar da kaset ya danna. Goge ya taho. Ina jin yatsan Baba a jikin katakon gado yana ba da lokaci, a raunane amma daidai. Tari na farko. Tari na biyu. Na damƙe gefen darduma na ƙirga, ɗaya, biyu, uku, duk jikina yana tura ni in faɗa, na ƙi. Huɗu. Sannan na shiga, ni da namijin nan da babu shi, muka tafi tare a hankali har ƙarshen sashen, sauti na ƙara sauka, ni ma ina bin sa ƙasa.

Da kaset ya tsaya na riƙe numfashi ina jira. Bai ce a sake ba.